Taƙin Malam Halliru

Zarton ya fita daga katakon, guntun ya faɗi a kan tulin dusar katako, Nathaniel ya sunkuya ya hure bakin yankan yana jin daɗin kansa. Yanka ne miƙaƙƙe wanda ko mai hassada ba zai kushe ba. Ya rungumi katakon, ya tsallaka kwatar da ta raba rumfar aiki da gidan, ya shiga zaure da sallamar nan tasa da har yau ba ta gama zama a bakinsa ba.

"Baba, na yanka ta. Taƙi takwas da yatsa uku, yadda ka ce."

Malam Halliru kafinta na kwance a kan katifa, an tokare masa baya da filo biyu. Tun da aka sallamo shi daga asibiti da kumburarrun ƙafafu ya ƙi zaman ɗaki, ya ce a fito da shi zaure inda zai riƙa jin ƙarar aiki. Ya yi nuni, Nathaniel ya kwantar da katakon a gefen katifar. Tsohon ya buɗe tafinsa a kai, babban yatsa a baki, dogon yatsa a gaba, ya shiga tafiya da hannun yana ƙirgawa a hankali. A na bakwai da ɗan wani abu katakon ya ƙare, hannun ya rage a iska.

"Tica," in ji shi, "da hannun wa ka auna wanga?"

"Na auna hannuna da tef, inci takwas. Sai na yi lissafi, takwas sau takwas..."

"Kawo hannun."

Nathaniel ya miƙa. Malam ya haɗa tafinsa da nasa. Yatsun tsohon, duk da ramar da ciwo ya yi musu, sun zarce na Nathaniel da gaɓa guda cur.

"Ka gani? Ni taƙina nic ce maka, kai kuma kat tahi ka auno naka. Shekara talatin kana koya ma ɗiyan mutane lissahi! Allah Shi ji ƙan yaran nan."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Nathaniel kam bai ga abin dariya ba. Ya san irin katakon da ya ɓata.

Shi Nathaniel mutumin Gboko ne, can ƙasar Tibi. Shekara biyar da suka wuce aka yi wa matarsa Comfort, wadda nas ce, canjin wurin aiki zuwa Gusau, shi kuma ya riga ya yi ritaya daga koyarwa, sai ya biyo ta. Suka kama haya a Tudun Wada, katanga ɗaya da Malam Halliru. Hausar da ya zo da ita ta cefane ce, wadda za ta sayo tumatir amma ba za ta nemi ragi ba. Zaman gida ya gundure shi. Ran nan ya kai wa Malam wata kujera mai karyayyar ƙafa, ya tsaya yana kallon gyaran har aka gama. Washegari ya dawo, ba kujera ba komai, ya sake tsayawa. A rana ta uku Malam ya miƙa masa samfefa, takardar goge katako, ba tare da ya dube shi ba.

Malam dai Turancinsa bai wuce sunayen ƙusoshi ba, inci biyu, inci uku. Saboda haka duk abin da Nathaniel ya sani na katako da Hausa ya shige shi, Hausar ma ta Zamfara, wadda ba ya samun rabinta a ɗan littafin da ya saya. Da Tibi yake tunani, ya ƙirga da Turanci, ya juya amsar zuwa Hausa, kafin ta iso bakinsa Malam ya wuce wurin. Ya ajiye littafin rubutu a aljihu, duk kalmar da ta faɗo ya kama ta ya rubuta. Katako a wurinsa yau mace gobe namiji, har Malam ya gaji da gyara ya ce ya bar shi, katakon bai yi ƙara ba. A shekara biyu ya iya wasa zarto, ya iya gane fuskar katako da bayansa, ya iya haɗin da ba ya bukatar ƙusa. Abu ɗaya ne bai taɓa ɗauka ba: awo da hannu. Benci da tebur da tef yake auna su, Malam ya ƙyale shi. Shi kuwa Malam bai taɓa riƙe tef ba, ya ce kullum sai an yi cigiyarsa, hannunsa kuwa bai taɓa ɓata ba.

Wannan aikin ba benci ba ne. Kabad ne na Khadijat, autar Malam, wadda za a kai Tsafe gidan angonta Bashar nan da sati uku. Yayyenta mata huɗu, kowacce da gado da kabad na hannun ubanta aka kai ta. Gadon Khadijat ya gama shi kafin ciwo ya kayar da shi, kabad ɗin ne ko farawa bai yi ba. Katakon maɗaci ne guda bakwai, na wata bishiya da iska ta kayar a Nahuce, shekara shida suna shanye a saman rumfa suna jiran wannan auren. Malam da kansa ya je Tsafe ya auno bangon da ke tsakanin ƙofa da taga, ya auna tukwane da kulolin da Inna Hajjo, matarsa, ta tara, ya zuba lissafin duka a kansa. Ko layi ɗaya ba a rubuce yake ba.

"Kak ka ɓata rai," in ji Malam da tarin ya lafa. "Wanga mu yi durowa da shi. Amma hwa shidan da sunka rage ba su ɗaukar kuskure na biyu."

Da yamma Nathaniel ya tasa tuwo a gaba ya kasa ci. Comfort ta ce ya hau mota ya je Tsafe ya auno bangon da tef ɗinsa mana. Ya ce bango kaɗai zai samo, sauran awon duk yana kan Malam, kuma da hannunsa yake faɗarsa.

"To ka auno hannun," in ji ta, ta ci gaba da cin abincinta.

Ya dube ta. Shekara talatin da huɗu da aure, har yanzu ita take gama masa lissafi.

Da safe ya tsago siririyar sanda daga gefen katakon da ya ɓata, ya goge ta sumul. Tsawonta ya kusa tsawon mutum. Dabararsa ita ce Malam ya bi ta da taƙinsa, shi kuma yana sa alama, shi ke nan ya samu hannun Malam a rumfa ko da Malam na kwance. Ya shiga zaure da hantsi ya tarar barci ya ɗauke tsohon. Bai so ya tashe shi ba. Sai ya kwantar da sandar a kan katifa, a jikin Malam, daga kafaɗa har ƙafa, ya durƙusa a gefe da fensir a hannu yana jira.

A haka Inna Hajjo ta ɗaga labule da kwanon kunu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Kwanon ya suɓuce, kunu ya malale a kan siminti. "Tica! Da ranshi? Da ranshi kaka auna min shi?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da Inna Hajjo ta gani. Ba a shimfiɗa sanda a tsawon mutum sai ranar da za a kai wa masu haƙa kabari awonsa. Nathaniel bai sani ba. Ya miƙe yana duban kunun, yana duban sandar, Hausar duk ta gudu ta bar shi.

Malam ya buɗe ido, ya ga sandar, ya ga matarsa, nan take ya gane.

"Hajjo, bai sani ba. Aiki na."

"Aikin mi? A hitar min da ita daga gidan ga!"

Ta koma ciki tana kuka.

"Baba, mene ne na yi?"

"Ba ka yi komi ba." Malam ya yi ɗan murmushi. "Gaggawa dai ka yi kaɗan. Matso da ita."

Malam ya buɗe hannun. Ya ɗora babban yatsa a bakin sandar, ya miƙa dogon, Nathaniel ya ja layi. Suka bi ta a haka har taƙi bakwai. A ɗaya bakin Malam ya jera yatsunsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, aka zana faɗin kowanne. Sannan ya lumshe ido ya shiga zubo awon kabad ɗin daga sama har ƙasa, Nathaniel na rubutawa yana cewa a maimaita, ana maimaitawa.

"In kun kai shi Tsahe, yatsa biyu za su rage ta ƙohwa, biyu ta taga. In ya hi haka, kai ka ɓata. Sai ƙyamare. Damina ta, katako ya sha iska mai ruwa, ya kumbura. Ka matse su, su rufe da ƙyar. Rani na zuwa su ja baya su zauna daidai. In ka bar musu rata yanzu, da rani ɓera na shiga da kayanshi."

"In matse ta."

"Ka matse ta, ka matse shi, duk wanda kag ga dama. Ka dai matse."

Nathaniel ya bi layukan da wuƙa ya mayar da su tsaga, don kada gumi ya share. Daga ranar tef ya koma aljihu. Sai ya auna sau uku da sandar kafin ya ɗora zarto, in ya ɗora kuma sai ya yi addu'a da Tibi. Furar da Inna Hajjo take aiko masa rumfa kowace azahar ta daina zuwa. In ya yi gaisuwa ta bayan labule, "lahiya" ɗaya yake samu, busasshiya. Abin ya dame shi ƙwarai, don yana ganin girman matar nan, amma ya rasa wanda zai tambaya, Malam kuma ya ƙi faɗa.

Malam na kwance amma kunnensa na rumfa. "Tica! Kana danne zarton, bar shi ya ci da kanshi!" Ko kuma, "Wanga bugun na mai hushi na, wa ya taɓa ka?" Kullum muryar na ƙara yin ƙasa, har ta kai sai Nathaniel ya tsayar da aiki yake jin ta.

A rana ta tara jikin kabad ɗin ya tashi. Nathaniel da Munzali, babban ɗan Malam da ya zo daga Kaduna, suka kinkimo shi suka kwantar a bakin katifa. Malam ya bi gefensa da hannu. Takwas, da yatsa uku. Ya lalubi haɗin kusurwa da farce, bai samu inda farcen zai shiga ba.

"To," in ji shi.

A shekara biyu Nathaniel ya koyi cewa "to" ɗin Malam iri-iri ne. Akwai na "ka ɓata", akwai na "tashi ka ba ni wuri". Wannan sau ɗaya ya taɓa jin sa, ranar da Malam ya gama gadon Khadijat ya ja baya yana kallo. Daɗi ya kama Nathaniel har ya rasa inda zai sa idonsa.

Ranar Laraba bayan azahar ana yayyafi, Nathaniel na goge katakon ƙyaure na farko. Ya lura tun safe ba a kira shi ba. Da gangan ya danne zarto a kan wani guntu har ya yi ƙara mara daɗi, ya tsaya yana saurare. Shiru. Can sai salati ya tashi daga cikin gida, muryar Khadijat a sama da ta kowa.

Ya ajiye zarton a hankali. Bai san lokacin da ya zauna a ƙasa cikin dusa ba.

Kafin a jima layin ya cika. Nathaniel na tsaye a bakin rumfa, ba ya cikin masu shiga ba ya cikin masu fita, sai ya ga Malam Hamidu, maƙwabcinsu na ɗaya gefen, ya zaro dogon kara daga dangar awaki ya shiga zaure da shi. Jim kaɗan ya fito, an karye kan karan, ya riƙe shi a tsaye da kulawa.

"Malam Hamidu, wannan na mene ne?"

"Awon Malam na. Masu gina kabari za a kai mawa."

Nathaniel ya bi karan da kallo har ya sha kwana. Sannan ya juya ya dubi sandarsa da ke jingine a jikin kabad. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ashe abin da ya yi wa matar nan ke nan, da fensir a hannu, mijinta na numfashi. Ashe kuma tsohon ya sani, ya yi murmushi ya miƙa hannu.

Bayan la'asar aka fito da gawar Malam a makarar masallacin unguwa, wadda shi da Nathaniel suka canza wa ƙafa bara. Nathaniel ya tsaya gefe ƙarƙashin dogon yaro har aka idar da salla, sannan ya bi bayan jama'a zuwa maƙabarta. Da ya dawo ya naɗe sandar a buhu, ya tura ta ƙarƙashin benci, ya ja ƙyauren rumfar.

Kwana uku bai buɗe ba. Yana zama a tabarmar gaisuwa tare da maza, yana amsa "amin" a inda ya ji ana amsawa. Ranar sadakar uku Munzali ya ja shi gefe.

"Baba Tica, Baba ya bar wasiyya kada a ɗaga auren, za a yi shi ba taro. Saura kwana takwas. Ka yi iya ƙoƙarinka, Allah Ya saka. Ka huta, zan sayo mata na kanti, irin na zamani."

Da ladabi ya faɗa, kuma ba laifinsa, ya ga rumfa a rufe. Nathaniel ya ce yana son ya ga Inna tukuna.

Comfort ta raka shi. Inna Hajjo na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta lulluɓa da hijabi har goshi, carbi a hannu, Khadijat a gefenta. Nathaniel ya durƙusa daga nesa. Tun asuba yake jera maganar a kansa, da ya buɗe baki rabinta ya zube.

"Inna, na zo in ba ka haƙuri. Sanda da na kawo, ban san ba. Ranar Laraba na ga kara, na san. Na yi kunya sosai. Ka yafe ni."

Inna Hajjo ta ajiye carbin a kan tabarma.

"Ina sandar take?"

"Na ɓoye shi."

"Ɗauko."

Ya je ya ɗauko, ya warware buhun, Comfort ta karɓa ta miƙa mata. Ta ɗora sandar a cinya. Ta bi tsagogin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta buɗe tafinta a kan na farko. Bai kai ba, da saura mai yawa. Khadijat ta juya fuska tana share ido da bakin mayafi.

"Hannu kamar faranti," in ji Inna Hajjo a hankali. "Karan can sun baro shi bisa kabari. Wagga ita tar rage muna." Ta ɗago. "Tica, shekara arba'in da shida ina jin zarto ta bayan katangar ga. Kwana uku ban ji ba, gidan ya yi min faɗi. Tashi ka tai ka ƙare ma ɗiyarka kabad ɗinta. Munzali, kak in koma jin zancen na kanti."

Da azahar ɗin ranar kwanon fura ya iso rumfa.

Ƙyamaren sun ci masa kwana biyar. Sau biyu hannunsa na kaiwa ga abin goge katako don ya rage musu baki, saboda da ƙyar suke rufuwa har suna ɗan kuka, sau biyu yana mayar da shi. Babu mai kiransa daga zaure yanzu, shi yake yi wa kansa faɗan, da Hausa, har da "kak ka".

Ranar jere suka ɗora kaya a a-kori-kura, suka lulluɓe da leda saboda hadari. Munzali na gaba, Nathaniel ya ce shi a baya zai zauna. Suka wuce dutsen Kwatarkwashi, gero ya yi kore shar hagu da dama, shi dai hannunsa ɗaya na kan kabad, ɗaya na riƙe da sandar.

A Tsafe mata 'yan jere sun cika tsakar gida suna jira. Aka haɗa gado. Sannan shi da Munzali da Bashar suka shigo da kabad ɗin, suka tsayar da shi, suka shiga turawa a hankali zuwa bangon da ke tsakanin ƙofa da taga. Katakon ya gogi siminti, ya matsa, ya matsa, ya zauna.

Wata gwaggon amarya ta rangaɗa guɗa, sai ta tuna, ta katse ta a tsakiya ta rufe baki.

Nathaniel ya sa yatsunsa biyu a ratar da ke ta wajen ƙofa. Suka shige, har da ɗan sauran wuri. Ya zagaya ta taga, nan ma haka. Sai ya juya sandar, ya kara bakinta a ratar, wajen da aka zana yatsun Malam. Tsaga ta biyu ta zauna daidai a kan gefen katakon, ko gashi ba zai ratsa ba.

"An samu matsala ne, Baba Tica?" in ji Munzali.

"Babu. Yatsana ne ƙarami."

Matan suka fara shigo da tukwane da kuloli, kowanne na shiga gurbinsa. Nathaniel ya matsa musu. Kafin ya fita ya tura ƙyauren hagu da tafin hannu, ya ɗan yi gardama, sannan ya rufe. A waje an soma yayyafi. Ya tsaya a ƙarƙashin indararo, ya sa sandar a cikin rigarsa don kada ta jiƙe.